Ranar da Liborio Ya Ƙi Cewa Pom

Ƙanena Liborio ya tafi Palermo cire haƙori, ya dawo da haƙorinsa a baki da sabon hauka a ka.

Ina kan soro ina juya markaɗen tumatir da na shanya a kan katako, sai ga shi ya hawo yana haki, ko takalmin tafiya bai cire ba.

"Yaya Mena, an cuce ni! Tun ina saurayi ake cutata ban sani ba!"

"Ina haƙorin?"

"Bar zancen haƙori. Ina neman ƙofar likita na ɓata hanya, na faɗa wani babban gidan kiɗa ana gwaji. Yaya, na ga mutum da tuba, irin tawa sak, zaune a gaba. A gaba! Masu goge sun fi ƙudan kasuwar kifi yawa, duk suna bayansa suna yi masa hidima. Shi kaɗai yake rera waƙa da ita, ta yi kuka kamar mace, ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Aka ce mini a manyan ƙasashe akwai masanan da suka zauna suka tsara wa tuba kiɗanta na kanta, daga farko har ƙarshe. Ni kuma ina nan a wutsiyar layi ina cewa pom, pom, kamar kwaɗo a rijiya."

"Babanmu ya ce pom har ya mutu. Kakanmu ma haka. Ba wanda ya ji sun koka."

"Su ba su je Palermo ba."

"Kai da ka je ga kumatunka nan a kumbure. Sauka, kana tare mini rana."

Tuba ita ce ƙaton ƙahon tagullar nan na 'yan badujala, mai baki kamar kwatarniya, wadda ake runguma kamar an ɗauko maraƙi. Ta garinmu mallakar gari ce, amma tun zamanin kakanmu a gidanmu take kwana, kuma ba a banza ba. Ranar idin Waliyyi Rokko ana ɗauko mutum-mutuminsa daga coci a kan karagarsa, da sandarsa a hannu, da karensa na itace a gefe riƙe da dunƙulen burodi a baki, a sauko da shi ta matakalar unguwarmu. Karagar ta fi amalanken duwatsu nauyi. Daidai ƙofarmu matakala ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ga matsi, ga gangara. Ba a iya juya Waliyyi a nan sai na gaba sun koma da baya, na baya sun bi ta gefe, kowa kansa a ƙarƙashin katako, ba mai ganin ƙafarsa. Shi ya sa duk badujala take yin shiru a wurin, har ganga, don amonta na bugun bango ya dawo ya rikita ƙafa. Tuba kaɗai ke magana. Pom mai kauri, ƙafar hagu. Pom na sama, ƙafar dama. In an juya lafiya, sai a ɗora karagar a kan matokarai, Waliyyi ya tsaya yana duban ƙofarmu, ni kuma in zubo masa furanni daga baranda, inda nake rataye zanin gadon da uwarmu ta saƙa.

Tsayuwar nan ta gidan mai tuba ce. Duk inda tuba take kwana, nan Waliyyi ke tsayawa. Ban yi aure ba, ba ni da gona, ba ni da ɗa. Abin da nake da shi ke nan, sau ɗaya a shekara, kuma ya ishe ni.

Washegari Liborio ya tari Maestro Onofrio, shugaban badujala, a shagon Nardo wanzami. Ina bakin famfo da tuluna, ƙofar shagon a buɗe, na ji komai.

"Maestro, bana ina son waƙa tawa ni kaɗai."

Maestro yana kishingiɗe, kumfa har kunne. Ya ce, "Kana da waƙa. Kana ma da biyu: pom da pom."

"A Palermo..."

"Motar Palermo tana tashi da safe."

"Ka ba ni wadda ƙaramar begila ke busawa. Ta yarinyar nan da saurayi ya gudu ya bari tana mutuwa."

"Liborio, yarinya ce take mutuwa, ba saniya ba."

Duk shagon ya kwashe da dariya. Liborio ya buga ƙirji. "Ku yi ta yi! Ran da na busa ta, matan garin nan sai an kwashe su a sume. Kai kanka, Maestro, za ka cire mini hula."

Maestro ya ture hannun wanzami ya tashi zaune. "Saurara da kyau. Ka ƙara mini ko da sauti ɗaya a kan abin da ubanka ya bar maka, in karɓe tuba in ba Nardo. Ya daɗe yana kallonta."

Nardo sai wasa askarsa yake yana murmushi. Gidansa ne na ƙasa da namu, barandata tana kallon rufinsa.

Mai hankali da ya ji wannan sai ya kama kansa. Liborio da ya dawo sai ya kulle kansa a ɗakin ƙasa ya fara koyo. Ba ya karanta takardar kiɗa, bai taɓa buƙata ba, da kunne yake farautar waƙar kamar mai kamun kaza a duhu. Sautin farko da ya nemi ya kai sama ya fito kamar an taka wutsiyar alade. Na biyu ya kakkaɓo farantin uwarmu daga bango. Na uku ya firgita kyanwata, ta daka tsalle ta faɗa cikin markaɗen tumatir, ta fito ja wur, ta bi ta kan shanyar Rosaria matar Nardo tun daga wannan ƙarshe har wancan.

Rosaria ta leƙo da zani a hannu, duk sawun kyanwa.

"Donna Mena, in yanka kuke yi a gidan nan ku gama da wuri mana. Dabbar tana shan wahala."

"Ba yanka ba ne. Kiɗa ne."

"Af! To Allah ya ba shi lafiya." Ta kakkaɓe zanin, ta dube ni ta wutsiyar ido. "Ni dai gara in fito da shimfiɗata mai ado ta sha iska. Wa ya sani, ko bana a buƙace ta a baranda."

Na sauka na ɗauki tsintsiya, na kori Liborio da ƙahonsa har bakin titi.

Sai ya koma tsohon ramin da ake fasa dutse a bayan gari. A can amon ya ninka, ya cika kwari. Makiyaya suka ji, suka ce saniyar wani ta faɗa rami ta karye. Suka taru da igiyoyi, aka kira Bastiano mahauci ya zo da wuƙa kafin nama ya lalace. Bastiano shi ne shugaban masu ɗaukar karaga, ƙato ne, wuyansa ya yi kanta saboda katakon karaga. Suka leƙa ramin, sai ga Liborio zaune a kan dutse, ido a rufe, fuska ta yi kamar gauta.

"Ina saniyar?" in ji Bastiano.

"Wace saniya? Budurwa ce take mutuwa saboda soyayya."

"To ga wuƙa na zo da ita, bari in hutar da ita."

"Ku jahilai ne. Kunnenku ya saba da kukan tumaki."

Bastiano ya tsuguna a bakin ramin. "Ji nan, ɗan'uwa. Yi haukanka a rami, ba ruwana. Amma ranar idi kafaɗata ce a ƙarƙashin katako, da ta ƙannena, da ta surukina. Ka ba ni pom ɗina, hagu da dama. In ba haka ba in rataye ka a ƙugiya tsakanin cinya da haƙarƙari."

"Jaki ma ya san hagu da dama," in ji Liborio. Ya ci sa'a ramin yana da zurfi.

Kafin mako ya zagayo leɓensa ya kumbura ya zama kamar tsiren hanji. Ya shafa man alade, ƙudaje suka bi shi har coci. Wani ya ce masa sautin sama daga matsattsen ciki yake fitowa, ya ɗaure tumbinsa da majanyin sirdin alfadari, ya sume a tsakar gida, na farfaɗo da shi da ruwan wanke-wanke don shi ne a kusa. Haƙorin kuma yana nan yana aikinsa. Duk da haka in ya fita dandali sai ka ji shi yana cewa, "Saura kaɗan. Na kusa kai inda take ba da rai. Jiya ni kaina sai da na yi hawaye."

"Mu ma mun yi," in ji mutane.

Ana gobe idi na tsayar da shi gaban hoton uwarmu, na kama hannunsa na ɗora a kai.

"Rantse."

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Na wanke maka gindi kana yaro, na san abin da ke kanka tun kafin ya shiga. Rantse ba za ka busa komai a lanƙwasa ba sai abin da babanmu ya busa."

"Na rantse."

"Dubi idonta ka faɗa."

Ya dubi gefen hoton ya faɗa. Na gani, amma na ce a raina ko ɓarawo yana jin kunyar uwarsa.

Ranar idi da la'asar ƙararrawa ta kaɗa, aka yi harbin wuta a ƙofar coci. Na rataye zanin uwata, na tsaya a baranda da kwandon furanni. Matakala ta cika maƙil, mata masu alwashi suna bin baya ba takalmi, Fada Alfio, limamin cocinmu, yana gaba da farar rigarsa yana share gumi. Badujala ta sauko tana kiɗa, a ƙarshen layi ga Liborio rungume da tuba, bayansa kuma ga Waliyyi yana tahowa yana rangaji a kan kafaɗu.

Sai idona ya faɗa kan wani abu. Daga ƙarƙashin rigar badujalar Liborio wasu baƙaƙen wutsiyoyi biyu suna reto har bayan gwiwa. Kwat ce mai wutsiya, irin wadda ya ce mutumin Palermo ya sa. Na san ta sarai, ta mai sayar da akwatin gawa ce, da ita yake raka mamata. A cikin zafin Agusta, riga kan riga. Nan na san rantsuwa ta tafi a banza.

"Liborio!" na daka masa tsawa. Ya yi kamar bai ji ba.

Aka iso lanƙwasa. Maestro ya sauke hannu, komai ya yi tsit. Liborio ya tsaya a matakin ƙasa da karaga, bakin tuba yana kallon sama.

Pom. Ƙafar hagu ta sauka.

Pom. Ta dama ta bi.

Na fara sauke numfashi. Karaga ta juya a hankali har ta kai tsakiya, inda rabinta ke kan mataki, rabi kuma a kan iska, wurin da ko tari ba a yi. Nan ɗan banzan ya zaɓa. Ya girgiza kai hularsa ta faɗi, ya rufe ido, ya ja wani dogon sauti mai rawa kamar iska a bututun hayaƙi.

Mutanen nan tun suna samari abu ɗaya aka koya musu: ba a ajiye ƙafa sai sauti ya sauka. To sautin bai sauka ba. Ƙarti majiya ƙarfi suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, Waliyyi a kansu.

Daga ƙarƙashin katako muryar Bastiano ta fito: "Liborio! Sauke mu!"

Ya sauke su kuwa. Daga dogon sautin ya zarce da gudu, ƙanana ƙanana a jere, wai nan ne yarinyar take tuna ranar da suka haɗu. Na baya suka bi shi da sassarfa. Na gaba suna nan da ƙafa a sama. Karaga ta yi juyi, Waliyyi ya dubi bango, ya dubi sama, ya dubi kwari. Sandarsa ta sarƙe zanin uwata, na ji kyaaat, ya bar baranda ya rufe kawunan na hagu gaba ɗaya.

"Wa ya kashe rana?" wani ya yi ihu daga ciki.

"Hagu! Hagu!" in ji Fada Alfio.

"Hagun wa, Fada? Mu da baya muke tafiya!"

"Ka taka ni, ɗan jaka!"

"Ba ni ba ne, surukinka ne!"

Maestro ya ruɗe ya ce a buga ganga. Aka buga, bango ya amsa, ganga ɗaya ta zama uku, kowa ya zaɓi tasa. Mata suka sa kururuwa, wata tsohuwa ta zube a sume a kan mai sayar da soyayyen wake, wake ya watse a matakala, masu gudu suka hau zamewa. Na wurga wa Liborio takalmina, ya bugi tagulla ya yi ƙara, bai ko motsa ba. Idonsa a rufe, yana jin kururuwar mata, a zatonsa abin da ya yi alkawari ne ya tabbata. Har wani murmushi yake da gefen baki. Ya cika ƙirji, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya nufi sautin ƙarshe, na can sama, inda yarinya take ba da rai.

Karaga ta karkata ta kansa. Na rufe baki da hannu.

Burodin itacen da ke bakin karen ya daɗe yana girgiɗi, ni nake goge shi duk shekara, na sani. Ya suɓuce, ya yi juyi ɗaya a iska, ya faɗa cikin bakin tuba. Ƙwal!

Sautin ya yanke kamar an sare shi da gatari. Ƙahon ya zabura ya daki bakin Liborio, ya ja da baya ya taka wutsiyar kwat, ya zauna daɓas a mataki. Ya buɗe ido ya tofar da wani abu a tafin hannunsa. Haƙorin da Palermo ta kasa cirewa ne.

Ba kiɗa, ba ganga. Sai nishin maza a ƙarƙashin katako, da Waliyyi a karkace yana jiran faɗuwa. Sai Nardo wanzami, wanda ke tsaye a ƙofar gidansa, ya kumbura kumatu ya ce da bakinsa, "Pom."

Ƙafar hagu ta sauka.

Wani daga sama ya amsa, "Pom." Ta dama ta bi. Sai duk matakala ta ɗauka, maza da mata, har Fada Alfio, har tsohuwar da ta farfaɗo: pom, pom, pom, pom. A haka aka miƙar da Waliyyi, aka juya shi, ya dubi ƙofata. Na ɗaga kwando.

Ba su tsaya ba. Ba wanda ya ko miƙa hannu ga matokarai. Suka wuce da shi, zanin uwata yana jan ƙasa a bayansu, kwandona cike a hannu.

Bastiano yana wucewa ya leƙo daga ƙarƙashin katako ya ce wa Liborio, "Zauna nan ka jira ni. Kada ka motsa."

Liborio ya ɗago ya dube ni, jini a haɓa. "Yaya, kin ji yadda suka yi kuka?"

Na juye masa kwandon a ka, sannan na bi shi da kwandon.

Bastiano bai rataye shi ba, Fada ya shiga tsakani, amma wata guda Liborio bai bi ta layin mahauta ba. Burodin kuwa ya cije a wuyan tuba. Maƙeri ya gwada da awartaki, ya gwada da mai, ya ce sai dai a tsaga ta. Tsofaffin mata suka ce kada a taɓa, Waliyyi ne da kansa ya toshe bakin abin, kuma da idonsu suka gani. Fada Alfio ya gaji da gardama ya ce a bar ta yadda take. Aka rataye ta a bangon coci, tsakanin ƙafafun kakin zuma da zukatan azurfa da masu warkewa ke kawo wa Waliyyi don godiya. Aka sassaƙa wa kare sabon burodi, aka buga masa ƙusa. Gari ya nemo wata tuba, Maestro ya kai ta gidan Nardo da hannunsa.

Yanzu a ƙofar Rosaria Waliyyi ke tsayawa. Daga barandata bayansa nake gani, da wutsiyar karensa. Masu ɗaukar karaga kuma sun ɗauki wata sabuwar al'ada: in sun zo daidai ƙofata, sai duk su haɗa baki su taya Nardo, pom, pom, da ƙarfi, suna leƙen tagata.

Kada ku zaci Liborio ya ji kunya. Yana nan a dandali da giɓinsa, yana ce wa duk baƙon da ya tsaya, "Je ka coci ka duba bango. Duk ƙasar nan wane mabushi ne aka rataye ƙahonsa kusa da Waliyyi? Na Nardo a ƙarƙashin gado yake kwana, kusa da tukunyar fitsari."

Na ɗinke zanin uwata, ɗinkin yana nan kamar tabon wuƙa. Ina rataye shi duk ranar idi don kada Rosaria ta ce na ɓuya. Furanni dai na daina tsinka.

Bara Liborio ya roƙe ni in bar shi ya tsaya kusa da ni a baranda. Na ce da sharaɗin ba zai buɗe baki ba. Aka zo lanƙwasa, badujala ta yi shiru, Nardo ya fara. Sai na ga ƙafar Liborio tana motsi, hagu, dama. Ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, ya matso kunnena.

"Yaya, yana sauri. Wanzamin nan zai kayar da Waliyyi. Pom fa ba abin wasa ba ne, sai wanda ya gada."

Na shige ɗaki, na ja ƙyauren baranda, na sa sakata. A barandar na bar shi kulle har aka mayar da Waliyyi coci.